An manna wa Baba wayoyi a ka, an ce lantarkin ƙwaƙwalwarsa ya yi sanyi

Assalamu alaikum, likitocin wannan fili. Mahaifinmu yana da shekara 68, tsohon malamin firamare ne, kuma ya daɗe da hawan jini da ciwon suga. Kusan shekara guda ke nan muna lura da mantuwa a tare da shi. Zai yi tambaya a ba shi amsa, kafin a jima ya sake yin ta. Yakan rikice a lissafin raka'a, kuma sau ɗaya ya fito daga masallacin unguwa ya kasa gane hanyar gida. Cikin wata biyun nan abin ya ƙaru: wata rana garau, wata rana sai ya zuba wa wuri ɗaya ido kamar ba ya tare da mu. Da yake barci na yi masa wuya, yana shan Piriton kusan kullum da dare, wani lokaci har da diazepam da yake saya a kemis. Mun kai shi wani asibitin kuɗi, aka manna masa wayoyi a ka, gwajin da suka kira EEG. Da sassafe aka yi, ko karyawa bai yi ba. Takardar ta ce kaɗawar lantarkin ƙwaƙwalwarsa ta sauka zuwa 7 a sakan ɗaya, wanda ya yi gwajin kuma ya ce mana gigin tsufa ne ya fara, sai haƙuri. Yayanmu ya gani a intanet wai gwajin yana gano ciwon tun shekaru kafin ya bayyana, yana so mu 'ya'yan duk mu je a yi mana. Cikin dangi wasu na cewa tsufa ne kawai, wasu na cewa hannu aka sa masa. Shin takardar nan ta gama magana ke nan?

Wata baiwar Allah, daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri kan tsayuwar da kuka yi a kansa.

A'a, takardar ba ta gama magana ba. Ba a tabbatar da gigin tsufa da EEG kaɗai, kuma wanda ya manna wayoyin ba shi ne ke da hurumin faɗin sunan ciwo ba. Amma kada ki ɗauke ta a matsayin takardar banza. Lambar 7 ɗin nan, in har an auna ta daidai, tana nuna akwai abin da ke danne ƙwaƙwalwar Baba. Aikin da ke gabanku shi ne gano mene ne abin, kuma a cikin wasiƙarki kaɗai mun ga abubuwa uku ko huɗu da za su iya jawo haka, waɗanda duk suna da gyara.

Bari mu fara da abin da na'urar ke ji. Ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suna isar da saƙo a tsakaninsu ne da ɗan lantarki. Idan dubbansu suka motsa tare, wani ɗan kaɗan daga lantarkin yana ratsa ƙoƙon kai ya iso fata. Ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba, ana auna shi ne da kashi ɗaya cikin miliyan na bolt, yawanci tsakanin 10 zuwa 100. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar wannan a jikin ɗan Adam a 1924, ya wallafa a 1929. A yau ana manna 'yan faifan ƙarfe 19 zuwa 21 a wurare sanannu a fatar kai, a ɗauka na minti 20 zuwa 30. Na'urar sauraro kawai take yi, ba ta tura wuta cikin kai, kuma babu zafi. Kamar mutum ne ya tsaya a bayan katangar makarantar allo: yana jin amon karatun gaba ɗaya, zai iya cewa yau karatun ya yi sanyi, amma ba zai iya cewa yunwa ce, ko barci, ko malam ne ya fita ba.

An kasa kaɗawar nan gida huɗu bisa saurinta. Wadda ba ta kai 4 a sakan ba ita ce delta, ta barci mai nauyi. Daga 4 zuwa 7 tita ce, ta gyangyaɗi. Daga 8 zuwa 13 alfa ce, sama da 13 kuma bita. Wadda likita ya fi zuba wa ido ita ce alfa. Babban mutum mai lafiya idan yana farke, ya natsu, ya rufe ido, alfa tana fitowa sarai ta wajen ƙeya, galibi wajen 10 a sakan, da ya buɗe ido sai ta lafa. Da shekaru takan ɗan sauka, amma tsoho mai lafiya yana riƙe da 8 ko sama. Saboda haka masu cewa tsufa ne kawai ba su yi daidai ba. Tsufa kaɗai ba ya kai mutum 7, kuma ba ya ɓatar da mutum a unguwar da ya yi shekaru a cikinta.

Sai dai sharaɗin shi ne mutum ya kasance a farke sosai lokacin da aka auna. A nan ake yawan samun kuskure. Tsohon da ya sha maganin barci jiya da dare, aka kwantar da shi a ɗaki mai duhu aka ce ya rufe ido, cikin 'yan mintuna gyangyaɗi zai ɗauke shi, alfa ta watse, tita ta shigo. Ƙwararren mai gwaji yakan kira sunan mutum, ya sa shi ƙirga ko ya yi masa tambaya, ya tabbatar ya wartsake kafin ya karanta lambar. Idan ba a yi haka ba, 7 ɗin ta gyangyaɗi ce kawai. Haka yunwa. Mai ciwon suga da ya sha maganinsa bai ci komai ba, musamman irin su glibenclamide, suga na iya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin da aka saba, kuma ƙwaƙwalwar da ba ta samu suga ba kaɗawarta sanyi take yi. EEG ba gwajin da ake zuwa da azumi ba ne. Mutane na haɗa shi da gwajin jini, shi ya sa suke hana mara lafiya karyawa.

Yanzu magungunan dare, kuma nan ne muka fi so ki tsaya. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa, asetilkolin, wanda riƙe sabon abu da farkawar hankali suka dogara da shi sosai. Shi ne ke raguwa a cutar Alzheimer, nau'in gigin tsufa da ya fi yawa, raguwarsa na cikin dalilan da ke sa kaɗawar ta yi sanyi, kuma shi donepezil, maganin da ake ba masu cutar, ke ƙoƙarin ƙarawa. Piriton kuwa toshe aikin wannan sinadari yake yi. Matashi zai sha ya yi barci ya tashi lafiya, amma a jikin tsoho shan sa kullum yana kawo mantuwa, ruɗewa, bushewar baki, taurin bayan gida da riƙewar fitsari. Haka promethazine da amitriptyline da hyoscine suke. Diazepam kuma a jikin mai shekarun Baba yana daɗewa, ragowarsa na iya kai kwanaki tana yawo a jini, sai na yau ya hau kan na shekaranjiya. Yana dushe tunani, yana sa jiri da faɗuwa, yana kuma canza abin da EEG ke nunawa. Gargaɗi ɗaya: kada ku ƙwace masa diazepam rana ɗaya. Wanda jikinsa ya saba, tsayarwa farat ɗaya na iya jawo masa jijjiga da ruɗewa mai tsanani. Likita ne zai tsara ragewa a hankali cikin makonni. Ki tattara duk abin da Baba ke sha a leda ɗaya, na asibiti, na kemis, na gargajiya, har tramadol ko maganin tari in akwai, ki kai wa likita ya gani da idonsa.

Maganar da kika yi ta wata rana garau, wata rana ya ƙura ido, ita ma tana da nauyi. Cutar Alzheimer yawanci a hankali take tafiya, shekara bayan shekara. Idan abu ya taɓarɓare cikin wata biyu yana kuma hawa da sauka, dole a nemi wani dalili. Bayan magani da suga, akwai ciwon ƙoda ko hanta, ƙarancin gishirin sodiyam a jini, da cutar mafitsara ko ta huhu, waɗanda a tsoho sukan zo da ruɗewa ba tare da zazzaɓi mai ƙarfi ba. Akwai tarin jini a ƙarƙashin ƙoƙon kai, wanda ke taruwa sannu a hankali makonni bayan an buge kai. Ku tambayi mutanen gida ko Baba ya zame a banɗaki, ko ya faɗo daga babur, ko ya buge da ƙofa, ko da abin bai kai a ce uffan ba a lokacin, balle in yana shan asfirin. Hoton CT ke nuna wannan, kuma tiyata na warkar da shi.

Sannan akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum. A tsofaffi ta fi yawa fiye da yadda ake zato, musamman masu hawan jini da suka taɓa samun 'yar ƙaramar toshewar jijiya ba su sani ba. Mutum zai tsaya cak, ya ƙura ido minti ɗaya ko biyu, yana ɗan tauna baki ko lalubar rigarsa, a kira shi ba ya amsawa, bayan nan ya yi 'yan mintuna a ruɗe, bai kuma san abin da ya faru ba. Nan ne EEG ke da amfaninsa na gaske, don an fi yin sa domin farfaɗiya. Amma ko mai farfaɗiyar gaske, gwaji ɗaya na minti 30 yana kama alamarta ne a kusan rabin mutane ko ƙasa da haka, shi ya sa akan maimaita, ko a ɗauka mutum yana barci. Abin da zai fi taimakon likita shi ne bidiyo. Duk lokacin da Baba ya shiga wannan yanayi, wani ya ɗauka da waya, fuska da hannuwa su fito, wani kuma ya kira sunansa ya taɓa kafaɗarsa a ga ko zai amsa. Ku duba agogo ku rubuta tsawon lokacin.

Na ƙarshe a wannan layi shi ne nau'in gigin tsufa da ake dangantawa da Lewy, sunan likitan da ya gano wasu 'yan dunƙule da ke taruwa a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Shi ma hawa da sauka yake yi, kuma mai shi kan ga mutane ko dabbobin da babu su, ya yi ta naushi ko ihu cikin mafarki, tafiyarsa ta yi nauyi, jiki ya ƙage. A wannan nau'i kaɗawar ƙeya tana sanyi da wuri, har ƙa'idojin gano shi na 2017 suka sa wannan cikin alamomin da ke ƙarfafa zato. Ƙarfafa zato, ba tabbatarwa ba. Muhimmancin saninsa shi ne masu shi ba sa jure magungunan kwantar da masu taɓin hankali irin su haloperidol, magungunan na iya jefa su cikin mummunan hali. In Baba na ganin abin da ba kwa gani, ku faɗa wa likita tun kafin a rubuta masa komai.

Ki lura da ɗaya gefen kuma: da takardar ta fito lafiya ƙalau, ba za mu ce Baba ya tsira ba. A farkon Alzheimer EEG yakan fito daidai, haka a nau'in da ke fara taɓa goshin ƙwaƙwalwa ya canza halin mutum, yakan daɗe bai nuna komai ba.

To mene ne ke gano ciwon? Da farko labari daga bakin wanda ke zaune da shi. Wannan ya fi kowace na'ura. Kafin ku je, ki zauna da Mama ko wanda ya fi kusa da shi ku rubuta: yaushe aka fara lura, me ya fara ɓacewa, yana iya lissafin kuɗin cefane da na fansho, yana iya shan magani da kansa, halinsa ya canza, yana jin magana sosai, yana minshari har numfashi ya ɗauke, ya daina sha'awar abin da yake so da. Tambaya ta ƙarshen nan don ciwon damuwa ce, wanda a tsoho kan yi kama da mantuwa, kuma yana jin magani. Daga nan likita zai yi gwajin tunani na minti 10 zuwa 15, irin su MMSE ko MoCA, kowanne maki 30: tuna kalmomi, zana agogo, lissafi, sanin rana da wuri. Baba malami ne, biro da takarda ba za su ba shi tsoro ba, amma a yi masa da harshen da ya fi sakewa, da tabaraunsa a ido. Ga wanda bai yi boko ba makin kan fito ƙasa ba don ciwo ba, shi ya sa masu bincike a Ibadan suka fito da gwajin da ake kwaikwayon zane da tsinken ashana huɗu maimakon biro.

Sai jini: yawan jini, suga, aikin ƙoda da gishirin jini, kalsiyam, aikin hanta, sinadarin tayirod (ƙullin gaban wuya da kan kumbura ya zama maƙoƙo), da bitamin B12. Wannan na ƙarshen kada a tsallake shi in Baba ya daɗe yana shan maganin suga na metformin, don maganin na rage shi, ƙarancinsa kuma na kawo mantuwa da dindiris a ƙafa. Likita na iya ƙara gwajin fitsari, HIV da tunjere, kada ku ji wani iri, tsari ne. Sannan hoton kai, MRI in da hali, in babu CT. Mai hawan jini da suga na shekaru, babban abin zargi shi ne lalacewar ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, shi kaɗai ko haɗe da Alzheimer. Hoton zai kuma nuna ƙari, ko taruwar ruwa da ke zuwa da jan ƙafa da kuɓucewar fitsari. Wanda za ku nema shi ne likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ko likitan taɓin hankali da ya saba da tsofaffi. Daga Zariya, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya fi muku kusa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, da asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Zuwa wurin likitan taɓin hankali ba ya nufin an ce Baba ya haukace.

Ku tafi da takardar EEG ɗin, ku kuma koma inda aka yi ku nemi ainihin zanen a faifai ko filash, ku tambayi wa ya karanta. Wasu na'urori kan fitar da rahoto da kansu da hotuna masu launi, kuma kwamfuta ba ta bambance kaɗawar ƙwaƙwalwa da motsin ido ko gumi yadda ƙwararre zai yi. Idan likita ya ce a maimaita, to a yi bayan an gyara maganar magunguna. A wanke kai da sabulu, kada a shafa mai ko basilin, don maiƙo na hana faifan kama fata. Mace ta tsefe kitso. Ya karya kumallo, ya sha magungunansa na hawan jini da suga kamar kullum, a ajiye goro da kofi a safiyar, kuma kada ya shiga yana tauna komai, motsin muƙamuƙi na cika zanen da hayaniya. Ana sa mutum ya yi numfashi da ƙarfi na minti 3 a cikin gwajin, amma ba a yi wa mai ciwon zuciya, mai sikila, ko wanda bai daɗe da shanyewar ɓarin jiki ba, don haka ku faɗi tarihinsa tun a ƙofa.

Game da abin da yayanku ya karanta, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sauye-sauyen Alzheimer na farawa a ƙwaƙwalwa shekara 10 zuwa 20 kafin mantuwa ta fito fili, kuma masu bincike sun daɗe suna neman alamarsu a EEG saboda yana da araha kuma ba ya cutarwa. Suna sa kwamfuta ta lissafa yawan tita a kan alfa, da yadda sassan ƙwaƙwalwa ke kaɗawa tare, da wata amsa da ke fitowa kusan kashi uku cikin goma na sakan bayan mutum ya ji sautin da ya bambanta, wadda ke jinkiri in tunani ya fara rauni. Idan aka tara masu 'yar mantuwa aka bi su shekaru, waɗanda daga baya suka shiga gigin tsufa a jimlace kaɗawarsu ta fi sanyi tun farko. Amma wannan bambanci ne tsakanin taro da taro. In aka ɗauko mutum ɗaya, lambarsa na iya faɗawa inda masu lafiya da marasa lafiya suka cakuɗe, kuma barcin jiya ko ƙwayar da ya sha ta isa ta karkatar da ita. Shi ya sa ba a tantance masu lafiya da EEG. Alamomin da aka fi dogara da su yanzu su ne sinadaran amiloyid da tau da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai Alzheimer, ana auna su a ruwan laka ko hoto na musamman, kuma a 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na farko, shi ma ga masu shekara 55 zuwa sama da suka riga suka nuna alamu. Ku da ba ku da koke, kada ku kashe kuɗinku. Irin da ake gada kai tsaye daga iyaye bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kuma yakan fara ne tun mutum na shekara 30 zuwa 50 da wani abu, ba a 67 ba kamar yadda mantuwar Baba ta fara. Abin da kuka fi yiwuwar gada daga Baba shi ne hawan jini da suga. Kuɗin da ku 'ya'yan za ku kashe a EEG ya isa ya sayi na'urar awon hawan jini ta gida kowa ya san lambarsa, kuma shawo kan hawan jini tun ana shekara 40 na cikin abubuwan da aka tabbatar suna rage haɗarin.

Masu cewa hannu aka sa masa ba sai kun yi musu da su ba. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Abin da za ku tsare shi ne jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, ga mutumin da ƙodarsa ta sha fama da suga da hawan jini.

Kafin ranar ganin likita, mutum ɗaya ya karɓi ragamar magungunansa, yana ba shi da hannu. A sa masa kati a aljihu da lambar wayar mutum biyu, wani ya riƙa raka shi masallaci, ya dakata da tuƙi, a kuma sa ido kan katin bankinsa ba tare da an ci masa fuska ba. In ya maimaita tambaya a amsa masa kamar yanzu ya fara yi, kada a ce “ba yanzu na faɗa maka ba?”, don ya manta amsar amma zai ji zafin maganar. Idan kuwa baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta sarƙe, ya ruɗe cikin sa'o'i kaɗan, barci ya yi masa nauyin da ba a iya tashinsa, ko jijjiga ta wuce minti 5, kada ku jira ranar da aka ba ku. Ku auna suga in akwai na'ura a gida, in ya yi ƙasa kuma yana iya haɗiya ku ba shi abu mai zaƙi, sannan ku wuce sashen gaggawa da ledar magungunan a hannu.